Kafin a sauke inji: lissafin mayar da motar fetur mai amfani da lantarki a karkara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita, muna roƙon a ɗan sammana fili mu yi magana da 'yan'uwanmu makanikai, da masu rewaya, da samarin da ke haɗa sola a garuruwan Jigawa da ƙauyukan Kano.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Daga nan samari suka koma kallon bidiyoyin mutanen Amurka da Ingila suna sauke injin ƙaramar motar tsere a garejin gida, suna ɗora mata moton lantarki. A bakin gareji yanzu tambayar ɗaya ce: za a iya yi a nan? Za a iya. Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan bas-bas masu lantarki a Maiduguri, ba a Turai ba. Sai dai bidiyon minti goma yana nuna ɗaura moto ne, wanda shi ne sassauƙan ɓangaren aikin. Batir, da inda za a samo wutar da za a cika shi, su ne ke yanke hukuncin ko motar za ta hau titi ko za ta zama akurkin kaji a bayan gida. Don haka da alƙalami da takarda ake farawa, sifana sai daga baya.

A ɗauki yunit ɗin nan na mitar wuta mai kati, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Ƙaramar mota mai nauyin kilo 1,000 zuwa 1,200 tana cin kimanin yunit 15 a kilomita 100 a kan kwalta, idan ana tafiya kilomita 70 zuwa 80 a awa. A rairayi ko da lodi abin ya fi haka nesa. Mutum ya fara rubuta tafiyarsa ta yini. Wanda ke zuwa Kano daga Wudil ya dawo ya ci kusan kilomita 80, yunit 12 ke nan. Tunda ba a zuƙe batir ƙarƙaf, kashi 80 cikin 100 kawai ake taɓawa, yana buƙatar batirin da bai gaza yunit 15 ba, kuma mai hankali zai ƙara na ko-ta-kwana saboda cunkoson Mariri da tsufan batir.

A nan ne yawancin mutane ke yi wa rogo kallon kitse. Sai ka ji an ce ai ga batirin inbata na ruwa cike da kasuwa. Guda takwas masu 12V da 200Ah za su ba da volt 96, kuma a takarda yunit 19 ne. Amma kowanne yana kai kilo 60, jimilla kusan rabin tan a kan motar da aka yi don mutum biyu. Wannan 200Ah da aka rubuta a jikinsa an auna shi ne da ja a hankali na awa 10 ko 20. Mota kuwa fizga take yi, kuma batirin dalma idan aka fizge shi ba ya ba da abin da aka rubuta. Ga shi idan ana wuce rabinsa kullum ba ya daɗewa. Ƙarshenta da ƙyar a samu kilomita 40, sifirin ya kwanta, birki ya gaza.

Abin da muke ganin ya dace da zafin ƙasarmu shi ne litiyam irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, wanda masu sola suka riga suka saba da shi. Da ƙwayoyi ake haɗa shi, kowace ƙwaya volt 3.2 ce, ba a cika ta fiye da 3.65, ba a sauke ta ƙasa da 2.5. Ƙwaya 30 masu 280Ah a jere sun ba da volt 96 da kusan yunit 27. Kowacce ta ɗan haura kilo 5, don haka da akwati da wayoyi ana maganar kilo 200. Kashi 80 cikin 100 na wannan zai kai mota kilomita 140 ko kusa da haka.

Me ya sa ba za a ɗauki masu 100Ah ba, tunda sun fi araha da sauƙin nauyi? Saboda ja. Motar da ke tafiya kilomita 80 a awa tana buƙatar wajen kilowat 12. A raba 12,000 da 96, an samu amfiya 125. Yawancin ƙwayoyin da aka yi don ajiyar wutar sola ba a yarda a ja fiye da adadin Ah ɗinsu ba a tsawon lokaci, wato mai 100Ah iyakarta amfiya 100. Ka ga tun kafin a taka don wuce tirela an riga an zarce ƙarfinta. Wuce tirelar kuwa yana iya neman kilowat 40, fiye da amfiya 400. Ko mai 280Ah sai an duba takardar masana'antarta an ga nawa ta yarda a fizga na 'yan daƙiƙu, sannan a saita kwantirola, wato na'urar da ke tsara wutar da ke zuwa moto, kada ta wuce wannan. Mu faɗi gaskiya ko da ba za ta yi wa samari daɗi ba: da volt 96 da ƙwayoyin sola za a samu mota mai tashi da sauri daga tsaye, mai lafiyar zuwa kasuwa da asibiti, amma ba motar tsere ba.

Mai son ƙarfin tsere na gaske hanyarsa ita ce kayan motar lantarki ta Nissan Leaf da ta yi hatsari. Motonta kilowat 80 ne, batirin na farko yunit 24 ne a tubali 48, yana aiki a wajen volt 360. Da wannan volt ɗin, kilowat 80 bai wuce amfiya 250 ba, shi ya sa wayoyinta ba su da kauri sosai. Amma akwai abu biyu. Inbatar Leaf ba ta motsi sai ta ji saƙon kwamfutar motarta, dole a sayo allon da ke kwaikwayon wannan saƙo a kuma iya saita shi. Na biyu, batirin Leaf ba shi da na'urar sanyaya kansa, kuma tun a shekarunta na farko masu ita a jihar Arizona ta Amurka suka koka da yadda zafi ke cinye ƙarfinsa. Zafin Hadejia da Gumel a watan Afrilu ba ƙanen na Arizona ba ne. Volt 360 kuma ba ya ba da damar kuskure na biyu. Wanda bai taɓa haɗa na 96 ko 144 ba, kada ya fara da wannan.

Motar kanta. Abin da ya sa Turawa ke son irin su Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, shi ne nauyinta bai kai tan guda ba, giyarta ta hannu ce, tayoyin baya ke ja, kuma ba ta da tarin kwamfuta. Waɗannan siffofi ake nema, ba sunan ba. Tsohuwar Celica, ko BMW ƙirar E30, ko ma Golf 2 da Starlet da suka fi yawa a wajenmu, duk za su yi. A guji giya mai canza kanta, domin famfon manta yana buƙatar inji ya riƙa juyawa ko mota na tsaye, moton lantarki kuwa tsayawa yake cak. A guji sababbin motocin da sitiyari da birki da allon mita duk suke jiran saƙo daga kwamfutar inji. Ka cire injin, rabin motar ya mutu. Sannan a sa tef a auna tsakanin cikin motar da ƙasa. Motar tsere a kwance take, tafin hannu da kaɗan. Idan gidanka sai an bar kwalta an bi burji ko turɓaya, Golf ta fi maka ita, duk kyanta.

Kafin a kwance noti ko ɗaya, a kai motar kan sikelin manyan motoci a auna gaba daban, baya daban, a kuma auna tsayin bakin kowane mudgad daga ƙasa a rubuta. Da wannan za a san inda za a raba batir. Inji da lagireto da salansa da tanki da mansa sukan kai kilo 170 zuwa 200 a ƙaramar mota. Moto da kwantirola da caja sukan mayar da 80 zuwa 90, ga batir 200. Motar za ta ƙara kusan nauyin buhun gero guda, kuma inda aka ajiye buhun nan shi ne magana. A jibge shi duka a but, gaba ya yi sako-sako, mota ta riƙa wulla gindi a kwana. Gara a raba: kashi ɗaya a gurbin lagireto da saman moto, kashi ɗaya a gurbin tankin mai. Ƙarƙashin mota kam a manta da shi, dutse ɗaya ko kududdufin damina ya isa. Wajen cire tanki kuma, tankin da babu mai ya fi cikakke haɗari, domin tururin ne ke fashewa. A cika shi da ruwa, a fitar da shi daga garejin gaba ɗaya kafin a kunna giranda ko walda.

Akwai awo ɗaya da idan aka manta shi an sayi wahala. Da an raba inji da giyabos, kafin a cire filawil, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a auna nisan fuskar filawil daga fuskar injin da giyabos ke mannewa. Wannan nisa shi za a maimaita a kan moto, in ba haka ba kuloci ba zai kama ba ko ba zai saki ba.

Faifan da ke haɗa moto da giyabos ana yin sa da alminiyam mai kaurin milimita 20 zuwa 25, ko ƙarfe mai milimita 10 zuwa 12. Ba aikin mai walda na bakin titi ba ne, aikin mai injin feƙe ƙarfe ne. Sandar moto da sandar giyabos dole su kalli juna daidai, saɓanin kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ramukan kusoshi ba su ne ke saita wannan ba. A leƙa bakin giyabos za a ga 'yan turaku biyu gajeru, ko ramukansu; su ne ke riƙe tsakiya, daga su ake ɗaukar awo. Idan aka kuskure, motar za ta yi tafiya lafiya mako biyu ko uku, sai a fara jin gurnani a giya, sai boris ɗin gaba ya watse, sai man giya ya fara ɗiga. Wanda zai bar kuloci gaba ɗaya yana iya yanke cibiyar tsohon faifan kuloci, mai haƙoran da suka dace da sandar giyabos, a dasa ta a mahaɗin da ke kan sandar moto. Hakan na rage nauyi, amma canza giya sai da haƙuri. Mu dai mun fi son a bar kulocin, musamman ga mai amfani da moton DC, domin shi ne hanyar raba moto da taya idan kwantirola ta ƙone a buɗe.

Tunda an ambaci moton DC: na tsohuwar motar ɗaga kaya ta masana'anta shi ne mafi araha, kuma yana da ƙarfi. Amma irin wannan idan aka ba shi cikakkiyar wuta babu kaya a kansa, gudu yake ƙarawa har sai cikinsa ya tarwatse. Kada a taɓa taka totur giya tana firi. Gwajinsa a ƙasa da batirin 12V kaɗai ake yi. Gawayinsa kuma ba ya shiri da ƙurar hunturu, sai an yi masa matatar iska. Moton AC rufaffe, irin HyPer 9 da ake sayarwa tare da kwantirolarsa, ya fi tsada, amma ƙura ba ta shigarsa kuma yana mayar da ɗan caji idan an ɗaga ƙafa. Kowanne aka sa, da giya ta biyu ake tashi, ta uku a kan hanya. Giya ta ɗaya da cikakken totur tana iya karya aksul, domin moton lantarki ƙarfinsa duka yana nan tun daga tsaye.

Abubuwa uku ne inji ke yi a ɓoye waɗanda sai ya tafi ake tunawa da su. Baƙar tukunyar nan da ke bayan masta birki da zuƙar iskar inji take aiki. Babu inji, birki ya zama dutse. Ana sa ƙaramin famfon zuƙar iska na 12V, da ɗan tanki, da makunnin da ke tayar da shi idan zuƙar ta ragu, da bawul mai hana iska komawa. A gwada: a kashe famfon, a taka birki, ya kamata a samu taku biyu ko uku masu laushi. Sitiyari mai mai yana buƙatar famfo mai moton kansa, irin na Opel Astra, wanda mai haƙurin bincike zai iya nema a Ƙofar Ruwa. Altaneta kuma an maye gurbinta da na'urar da ke sauke wutar babban batir zuwa volt 13.8, mai amfiya 40 zuwa 50, kuma ƙaramin batirin 12V yana nan a wurinsa. Kada a yi dabarar jan 12V daga ƙwaya huɗu na babban batir. Waɗannan huɗun za su riga sauran mutuwa su ja sauran.

Yanzu ga inda muke roƙon masu rewaya su saurara da kyau, domin abin da hannu ya saba da shi a nan shi ne ke kisa. A motar fetur jikin mota shi ne nagetif. A babban batir haramun ne. Waya biyu ake ja, fozitif da nagetif, kowacce a rufe, babu wadda ke taɓa bodi. Bayan an gama a sa mita tsakanin kowace waya da bodi a tabbatar babu hanya. A ƙa'idar motoci duk abin da ya haura volt 60 na DC babbar wuta ce, shi ya sa ake sa wa wayoyinta launin ruwan lemo. Kaurin waya 50mm² zuwa 70mm², irin ta injin walda ta tagulla zalla, a matse kawunanta da matsi mai ƙarfi, ba a buga da guduma ba, ba a cika da dalma ba. Dalili lissafi ne: kan waya da ya ɗan saki har ya samu turjiyar kashi ɗaya cikin dubu na om, idan amfiya 300 ta bi ta kansa zai fitar da zafin wat 90 a wuri kamar ƙwayar goro. Alamar tana bayyana kafin gobara. Tagullar ta koma shuɗi-shuɗi, robar bakin ta ƙanƙance ta yi ƙyalli, ana jin wani ƙauri-ƙauri idan an buɗe but. Bayan tafiyar farko a cire mahaɗin da ke tsakiyar jerin batir, a bi kawunan ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin zafi. Wanda ya fi 'yan'uwansa ɗumi shi ne mai laifi.

Fis da makunni dole su zama na DC, masu volt ɗin da ya haura na batirin. Wutar gida tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, shi ya sa tartsatsinta ke mutuwa da kansa. DC ba ta da wannan hutu. A sa mata birekar gida, ta buɗe, wutar ta ci gaba da tsallakawa kamar walda. Ana sa fis a jikin batir, da mahaɗin da ake zarewa da hannu a tsakiyar jerin don a raba volt ɗin biyu lokacin gyara, da kwantakta biyu, wato manyan makunnan da lantarki ke buɗewa da rufewa, ɗaya a kowace waya. Kafin babbar kwantakta ta rufe, sai an fara shigar da wuta ta resista na daƙiƙa biyu ko uku don kafasitocin kwantirola su cika a hankali. A tsallake wannan, fizgar farko ta narkar da bakin kwantakta ya manne, ka kashe makulli mota tana nan da wuta. Mai aiki ya cire zobe da agogo, ya naɗe sifana da tef har sai baki kaɗai ya rage, ya sa safar hannu ta masu aikin lantarki mai lambar volt 1,000, kuma kada ya yi aiki shi kaɗai.

Ƙwayoyin kuma kafin a jera su ana haɗa su gaba ɗaya fozitif da fozitif, nagetif da nagetif, a cika su tare zuwa 3.65, don su tashi daga layi ɗaya. Na'urar kula da batir, wato BMS, dole ta ga kowace ƙwaya, kuma ta iya tsayar da caja da kanta. Shuɗiyar ledar da ke jikinsu siririya ce, gwangwanin da ke ƙarƙashinta kuma yana ɗauke da wuta. A hanyar burji mai gargada, ƙwaya na gugar ƙwaya har ledar ta huje. A sa takardar roba mai tauri tsakanin kowace biyu, a matse jerin tsakanin faranti biyu da dogayen kusoshi, akwatin kuma a ɗaure shi da shasi, ba da falankin but ba. A bar masa hanyar iska mai fita waje. Zafin da ya haura digiri 45 yana rage wa litiyam kwana, musamman lokacin caji, kuma but ɗin motar da ta yini a rana a bazara ya wuce haka. Rumfar zana ma ta wadatar.

Saura babbar tambaya ga mutumin karkara: ina wutar? Soket ɗin gida na amfiya 13 bai kamata a ja masa fiye da 10 na tsawon awanni ba, kilowat 2.3 ke nan. Mayar da yunit 21 zai ci awa 10 zuwa 11, a kan waya mai kauri da aka ja musamman, da earth na gaske a ƙasa. Wanda garinsa ba ya samun wutar awa goma a jere, ko take zuwa a raunane, ya san amsarsa. Sola ce mafita, kuma rana kam Allah ya hore mana. Faifai mai wat 550 yana ba da yunit 2 zuwa 2 da rabi a yini idan ana share masa ƙura. Mai tafiyar kilomita 50 kullum yana buƙatar wajen yunit 9 har da asarar caja, faifai huɗu ko biyar ke nan, da inbatar da ba ta gaza 3.5kVA ba. Amma rana da rana take fitowa, lokacin da motar take kasuwar Maigatari ko Dambatta. Ko dai a tsara fita da sassafe a dawo kafin azahar, ko a sayi wani batirin a gida da zai tara wutar, kuɗi ya kusa ninkawa. Faifan da za a ɗora a rufin ƙaramar mota bai wuce wat 200 zuwa 300 ba, kilomita bakwai ko takwas a yini. Caji da janareta kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Sai maganar da ta fi yawo, wai a ɗaura altaneta a taya mota ta riƙa cajin kanta tana tafiya. Altaneta daga taya take karɓar ƙarfi, taya daga moto, moto daga batir, kuma kusan rabin abin da ta karɓa take mayarwa, sauran ya tafi a zafi. Kamar mai ɗiban ruwa daga randa da ƙoƙo mai yoyo ne yana mayarwa cikin randar. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya haɗa wannan, a riƙe aljihu.

Don gane ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu: ƙaramar mota na shan wajen lita 8 a kilomita 100, mai lantarki na ɗaukar wajen yunit 18 daga bango. Kowa ya sa farashin garinsu, ya ninka da tafiyarsa ta shekara, ya gwada da kuɗin batir da moto da sola. Mai fita kullum zai ga haske. Mai fita ranar Juma'a da ranar biki kaɗai ba zai gani ba.

Gwajin farko a ɗage tayoyin da ke ja, kwantirola a saite a kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta, wani yana tsaye kusa da mahaɗin tsakiya. Daga nan fili, nesa da yara, domin motar ba ta da ƙara kuma akuya ma ba ta jin zuwanta. Kafin a hau titin gwamnati a je ofishin VIO da takardun motar, tunda lambar injin da ke ciki yanzu tana kan injin da ke ajiye a gareji, a kuma sanar da kamfanin inshora a rubuce.

Wassalam.

Daga wasu makanikai da masu haɗa sola,
Ringim, Jihar Jigawa.